Muryar Liman a Lasifikar Kasuwa

Ni na buɗe zauren, kuma har yau ni ke riƙe da shi, in dai abin da ya rage ya isa a kira shi zaure. Ba na ƙasa da azara nake nufi ba, na cikin waya ne, irin wanda samari ke ce wa guruf. Na buɗe shi ne bayan da wani likita a birni ya zaunar da ni ya yi ta jero mini tambayoyi har na gaji, sannan ya ce abin da ke damuna tun ina yaro yana da suna. Ya faɗi wasu harufan Turanci, ADHD. Ya ce mai wannan lalura hankalinsa ba ya zama wuri ɗaya, ga mantuwa, ga katse mutane, ga aikata abu kafin tunani ya iso. Na ce, “Likita, ai wannan a garinmu rawar kai ake ce masa, kuma dorina ce maganinsa.” Ya yi dariya. Ni ban yi ba, don bayana ya san dorinar.

Ina koyarwa a wata firamare cikin ƙauyukan Bagwai, ina kuma taɓa noma a 'yar gonar da na gada. Wajenmu gona jikin gona take, gida jikin gida. In ka yi tari a unguwarmu, daga unguwar gaba za a aiko a yi maka sannu. Da na dawo daga birni sai na fara ganin irina ko'ina. Ga telan da zai yanka yadin mutum uku bai ɗinka ko ɗaya ba, ga matar da tuwonta kullum sai ya kama tana can tana wani abu dabam. Na riƙa bin su ɗaya-ɗaya ina yi musu magana a keɓe. Wani ya gaya wa wani, har muka samu mutane daga wajen Rimin Gado da Makoɗa. Yawancinmu ba su iya rubutun boko ba, waɗanda suka iya ma ba su da haƙurin danne-danne. Saboda haka da murya muke magana, mutum ya danna ya faɗi abin da ke ransa ya turo.

Riƙon irin wannan zaure aiki ne, wallahi. Ka tara mutanen da kowannensu in ya buɗe baki bai san inda zai tsaya ba. Mutum zai yi sallama, ya gaida kowa, ya tambayi gida da yara da ya muka ji da ruwa, ya ɗauko zancen da ya kawo shi. Kafin ya kai tsakiya akuya ta shigo masa rumfa, shi ke nan labari ya koma kan akuya da mai akuya da rigimar iyakar gona tun ta kakanni. Can sai ka ji ya ce, “Af, me ma nake cewa?” ya turo haka nan. Ni kuma dole in saurara har ƙarshe, don ban san inda wani zai taka wani ba. Sau da yawa sai na sake kunnawa, saboda nawa hankalin ma ya tafi kiwo.

Abu ɗaya na ɗaukar wa kaina tun farko, ba zan kunyata kowa a gaban mutane ba. Duk wanda ke cikin zauren nan ya ƙoshi da “kai ba ka ji” da “ke ba ki da natsuwa” tun daga yaye. Ba zan tara su a inuwa ɗaya kuma in ɗora musu daga inda gida ya tsaya ba. In wani ya yi ba daidai ba, kiransa nake yi shi kaɗai, mu gaisa sosai, sannan in lallaɓo maganar. Akwai wani da ya shigo yana tallan hayaƙi, wai aljanu ne ke wasa da kanmu. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma ban kore shi ba. Na hau babur na same shi a shagonsa, na sha ruwansa, na ce, “Malam, wurin nan ba na ciniki ba ne.” Da kansa ya fita, kuma har yau muna gaisawa.

Doka kuwa ɗaya ce tak, abin da aka faɗa a zaure ba ya fita waje. Duk Juma'a sai na maimaita ta da muryata, don na san da masu mantuwa nake zaune.

Limamin masallacin unguwar da ke gaba da tamu ƙanena ne, iyayenmu mata ciki ɗaya suka fito. Yaya yake ce mini, ni kuma tun da aka ba shi gaban sahu na daina kama sunansa, sai Liman. Limancin a wajen mahaifinsa ya gada, shi ma mahaifin a wajen nasa. Ya haddace Alƙur'ani tun yana saurayi, ga murya, in yana karatun asuba mata na barin tsintsiya su tsaya. Amma fa ban da wannan, komai ya taɓa sai ya watse. Gonarsa ita ce ta ƙarshe a shuka, ita ce ta ƙarshe a noma. Ya gwada kiwo, ya gwada tireda, duk ba su je ko'ina ba. Limanci ne kaɗai abin da ba a taɓa ce masa bai iya ba. Shi ke ɗaura aure a unguwar, shi ke raɗa suna, shi ke tsayawa gaban gawa. In ka cire masa wannan, abin da ya rage shi ne mutumin da ake yi wa dariya don ya bar jakinsa a kasuwa ya dawo gida a ƙasa.

Ni na sa shi a zauren, bayan na daɗe ina lallashi. Ya yi watanni bai ce uffan ba, sai dai in ga alamar ya saurara. Sai wata rana da kaka, ana cikin yankan gero, bayan azahar, ya turo murya. Doguwa ce, amma abin mamaki ko sau ɗaya bai kauce ba.

Ya ce, “'Yan'uwa, ku yi haƙuri zan ɗan ja ku. Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, ko mai ɗakina. Ni ina jan mutane salla. In sallar da ake karatu a bayyane ce, da sauƙi, muryata na riƙe ni. Amma azahar da la'asar, da na yi kabbara na yi shiru, shi ke nan na tafi. Tsagewar bango ma sai ta ɗauke ni, in tuna taki, in tuna wata magana da aka yi mini tun bara. In ɗago daga sujada ban san ta nawa muke ba, ta biyu ce in zauna, ko ta uku ce in miƙe. Na yi kuka, na yi addu'a, na yi azumi a kai. To akwai wani tsoho da ke tsayawa daidai bayana tun zamanin mahaifina. Gwiwarsa na ƙara. In miƙewa za a yi, tun kafin in ɗago nake jin ya fara dafa ƙasa yana shiri, gwiwar ta ce ƙas. In zama ne, shiru. Da wannan nake gane inda muke. Jama'a ni suke bi, ni kuma gwiwar Baba nake bi, shi bai ma sani ba. Ranar da bai zo ba, Allah kaɗai ya san yadda nake ƙarewa.”

Ban taɓa ganin zauren nan ya yi kyau irin na ranar ba. Babu wanda ya yi dariya, babu wanda ya yi wa'azi. Telan nan ya ce shi da wake yake ƙirga raka'a a aljihu, har ya manta ya kai rigar wanki. Wata mata ta ce ita ta zata ita kaɗai Allah ya yi haka, ta yi ta kuka a cikin saƙon. Liman ya sake turo gajeriyar murya ya ce yau ji yake kamar an sauke masa buhu daga ka. Ni kuwa daɗi ya cika ni, na ce ashe wahalar da nake sha ba ta banza ba ce.

A cikinmu akwai wani Alhaji, dillalin gyaɗa daga wajen Makoɗa. Mutumin kirki ne, hannunsa a sake, amma duk cikinmu babu wanda ya kai shi gaggawa. Kafin ka gama faɗin matsalarka ya riga ya tashi neman magani. Da ya ji muryar Liman tausayi ya kama shi. Ya tuna da wani babban malami da ke zama amsa tambayoyi a babbar kasuwar da muke ci duk mako. Ya ce bari a tambayo wa bawan Allah hukuncin sallarsa, hankalinsa ya kwanta. Bai tambaye ni ba, bai tambayi Liman ba. Ya danna ya tura wa almajirin malamin da ke tara tambayoyi, ya koma awon gyaɗarsa, ya ma manta ya yi.

Shi malamin nan yana da al'ada, kuma ba mummuna ba ce. In tambaya ta zo da murya, ba ya sa a faɗa masa da baki, don kada a ƙara ko a rage. Wayar ake karawa a jikin lasifika kowa ya ji tambayar yadda mai ita ya yi ta, sannan ya ba da amsa.

Ranar kasuwa ina durƙushe gaban mai barkono bayan la'asar, sai na ji daga saman masallacin kasuwa, “'Yan'uwa, ku yi haƙuri zan ɗan ja ku.” Na miƙe da gudu, na ture tiren wata yarinya ban ko tsaya ba ta haƙuri ba. Ina, kasuwa cike take, ga buhuna, ga amalanke, ga babura. Kafin in kai bakin masallaci an wuce tsagewar bango, an wuce taki, an kai gwiwar Baba. Na ji dariya ta tashi daga rumfar masu nama. Can gefe na hango mutanen unguwar su Liman tsaye wajen masu buhu, sun saki baki. Ɗaya daga cikin 'ya'yan tsohon nan mai gwiwa yana tare da su. Su ba dariya suke ba.

Abin takaicin, amsar malamin mai daɗi ce. Ya ce wanda kokwanto ya zame masa jiki, ba a ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa, ya ci gaba da sallarsa ya yi sujadar rafkanwa bayan sallama, kuma sallar waɗanda suka bi shi ta yi. Har addu'a ya yi masa. Amma wa ya ji? Amsar ta bi iska, gwiwar Baba ce ta shiga motocin kasuwa ta riga ni isa gida.

Almajirin malamin ya nuna mini wanda ya turo, daga nan bakin masallacin na kira Alhaji. Ranar na manta da gaisuwa, na manta da lallaɓawa. Na ce, “Alhaji, me ka yi mana haka?”

Sai da na tuna masa sannan ya gane. Ya ce, “Haba Malam, ai taimako na yi nufi. Kuma wallahi ban faɗi sunansa ba, ban ma ce daga ina yake ba.”

Na ce, “Suna? Mutumin da ake bin muryarsa safe da yamma shekara da shekaru, wane suna kuma kake so a faɗa? Ko kajin unguwar sun san muryar nan!”

Can na ji babban mutum da gemunsa yana sheshsheka, yana innalillahi. Na kashe wayar, don in na ci gaba zan faɗi abin da ba ya gyaruwa.

Kafin magariba zaure ya kama da wuta. Wannan ya ce a kori Alhaji, wancan ya ce a bayyana sunan garinsu shi ma ya ɗanɗana. Tela ya turo zagi har da na iyaye. Na goge, na kira shi, na ce na san zafin da yake ji, amma ba a nan ba. Haka na yi ta bin su ɗaya bayan ɗaya ina ba da haƙuri, alhali ni kaina ji nake kamar in hau babur in je Makoɗa in shaƙe mutum. Hannuna na kan sunan Alhaji zan cire shi, sai ga kiran Liman. Muryarsa ta dushe. Ya ce, “Yaya, kar ka kore shi. Abin da ya sa ya tura, shi ne abin da ke sa ni manta raka'a. In ka kore shi don wannan, to ni ma kore ni.” Na bar shi. Amma bayan kwana biyu Alhaji ya fita da kansa, kunya ta hana shi zama.

A unguwar su Liman babu wanda ya tare shi da maganar. Mu nan ba haka muke yi ba. Gaisuwa na nan yadda take, “Allah gafarta Malam” na nan. Sai dai sahu ya fara raguwa. Aka ce wasu in sun bi shi azahar sai su koma gida su sake. Wasu samari suka ɗauki sabon salo, ko bai yi kuskure ba sai ka ji “subhanallah” daga baya, shi kuma ya rikice ya zauna inda ya kamata ya miƙe. Yara suka samu abin wasa, in ya wuce sai ɗaya ya durƙusa ɗaya ya ce ƙas. Shi kuma tsohon, Baba mai gwiwa, ya bar bayan liman ya koma can ƙarshen sahu jikin bango. Ban ga laifinsa ba, an mai da ciwonsa abin dariya a kasuwa. Sai dai tun daga ranar da ya matsa, Liman ya rasa abin dafawa, kuskuren ya zama na gaske. Wata la'asar ya yi musu raka'a biyar.

Ya same ni a gona ina ɗaurin gero. Ya rame, wuyansa ya fito. Ya ce dattawa za su zauna a kansa ranar Juma'a a zauren mai unguwa, kuma ana ta cewa taɓin hankali ne ko sammu. Ya ce, “Yaya, ka zo ka gaya musu ba hauka ba ce. In da hali ka taho da mutum biyu ko uku daga cikinmu, su ga mutane ne masu sana'a da iyali, ba ni kaɗai ba ne. In suka karɓe masallacin nan, ban san me zan ce wa kabarin mahaifina ba.”

Na sa murya a zaure. Na faɗa musu halin da ake ciki, na ce ba dole, ba kuma zan ambaci sunan kowa a ko'ina ba, amma duk wanda zai iya raka ni, ɗan'uwanmu na bukata. Na ga alamar kowa ya saurara. Mutanen da in aka ce su gajarta magana kamar an ce su daina numfashi, ranar ko sallama babu. Da yamma matar nan da ta yi kuka ta kira ni a ɓoye ta ce don Allah in cire ta, maigidanta bai san tana ciki ba, kuma in goge duk muryoyinta. Na ce mata ni a wayata kaɗai zan iya gogewa, na wayoyin mutane ba su hannuna. Ta ce, “Na shiga uku.” Tela ya ce yana da ɗinkin biki. Wani ya ce 'yarsa ake nema da aure, in dangin yaron suka ji ana danganta shi da ciwon kai, magana ta lalace. Na ji haushinsu, ba zan ɓoye ba, har na ƙi cin tuwo. Amma na san kowannensu gaskiya ya faɗa. Ni na yi musu alkawarin sutura, ba zan ja su fili don in rufe wani ba.

Ni kaɗai na je. Dattawa sun cika zauren mai unguwa, ana ta fifita da hula. Liman na zaune a ƙasa kusa da ƙofa, kansa a sunkuye, shi da kullum buzu ake shimfiɗa masa a sama. Baba mai gwiwa na gefen mai unguwa, ya miƙe ƙafa ɗaya. Na cire takalmi, na durƙusa na gaida su ɗaya-ɗaya, na nemi izinin magana. Mai unguwa ya ce, “Bismilla, malamin boko.”

Na yi magana iya iyawata. Na ce ba hauka ba ce, ba sammu ba ne, ba kuma raina salla ba ne. Na ce lalura ce da likitoci suka sani, da ita ake haihuwar mutum, kuma ni da nake gabansu ina da ita, ga shi ina koyar da 'ya'yansu. Na tuna musu amsar malamin kasuwa, cewa sallarsu ta yi. Na ce abin da yake bukata kaɗan ne, mutum ɗaya ya tsaya bayansa da saninsa ya riƙa yi masa gyaran murya, shi ke nan. Na ga wasu na gyaɗa kai. Har na fara jin sanyi a raina.

Sai Baba ya gyara zama. Ya yi magana a hankali, babu faɗa a ciki. Ya ce, “Ɗan nan, mun gode, ka fitar da mu daga duhu. Ni tambaya ɗaya gare ni. Wannan lalura, ana warkewa?”

Na ce, “Baba, akwai maganin da ke rage ta a birni, akwai kuma dabaru.”

Ya ce, “Ba ragewa na tambaya ba. Tana rabuwa da mutum?”

Na dubi Liman, shi ma ni yake kallo. A gaban dattawa nake, a kan maganar salla. Na ce, “Likita ya ce ba ta rabuwa da mutum, sai dai ya koyi zama da ita.”

Baba ya jinjina kai. Ya ce, “To ka ji. Mu da muka zauna, wallahi nasiha muka yi niyya. Mun ɗauka sakaci ne na ƙuruciya, mu ja masa kunne, ya yi tuba, ya koma gabanmu. Yaron nan a hannuna aka yi masa suna, ba na ƙin sa. Amma tunda ka ce a jininsa take, ba laifinsa ba ne, kuma ba ta da ranar tafiya, ai zalunci ne mu ci gaba da ɗora masa. Mu tausaya masa, mu sauke masa. Mu ma tsofaffi ne, sallolin da suka rage mana ba su da yawa, muna so mu yi su babu wasiwasi.”

Zaure ya amsa da “gaskiya ne, gaskiya ne.” Na buɗe baki, mai unguwa ya ɗaga mini hannu ya ce an gode, Allah ya saka da alheri. Har wani ya ce Allah ya ba ni lafiya ni ma. Nan take aka ambaci wani ɗan unguwar da ya dawo daga karatu, aka ce shi zai riƙa ja daga la'asar ɗin ranar. Aka shafa fatiha. Tun da nake ban taɓa jin baƙin ciki irin na wannan fatihar ba. Da zaginsa suka yi, da na san abin da zan ce. Amma da tausayi suka cire shi, kuma da maganata.

Zauren waya kuwa bai sake tashi ba. Waɗanda suka rage ba su kai rabin na da ba, kuma babu mai faɗin abin da ke ransa. Sai “barka da Juma'a” da hoton fure. Har yanzu ina duba shi, ina goge tallan da ya ɓato hanya, ina kiran wanda ya daɗe bai leƙo ba in gaishe shi. Ban san me nake gadi ba. Na kasa rufewa ne kawai, don Liman bai fita ba, kuma ba na so wata rana ya duba ya tarar babu kowa.

Amma ranar, da muka fito daga wajen mai unguwa, Liman bai yi mini maganar zauren waya ba. Muka jera har masallaci. A bakin ƙofa ya tsaya ya ce, “Yaya, da gaske likitan ya ce ba ta tafiya?”

Na ce da gaske ne.

Ya ce, “To.”

Ya shiga, ya wuce har gaba inda liman ke tsayawa. Akwai wani tsohon buzu a wurin, gashinsa duk ya suɗe daidai inda goshi ke sauka, na mahaifinsa ne. Ya naɗe shi, ya kakkaɓe wurin da hannu don mai zuwa. Ya tsaya yana waige-waige, ya rasa inda zai ajiye shi. Ladan ya tada iƙama, mutane suka fara shigowa suna kauce wa idonsa. Ya dawo baya ya tsaya kusa da ni a sahu na biyu, buzun a hammatarsa. Da sabon liman ya yi kabbara, sai ya sunkuya ya ajiye shi a naɗe gaban ƙafarsa, ya ɗaga hannu ya bi.